Sistocin Katolika da hidimar talakawa: mi ke riƙe da aikin nasu?

Duk wanda ya taɓa jinya a asibiti cikin garin nan ya san kalmar. Kana zaune bakin gadon mara lafiyarka, ruwan da anka sa mashi ya ƙare, sai wata tsohuwa daga gadon kusa ta ce yaro tashi ka kira sista. Ba mu tambayar daga ina sunan ya hito, mun ɗauka haka nan ake kiran babbar nas. To asalinshi daga mata masu zaman zuhudu ne na Kirista, su sunka riƙe jinyar marasa lafiya a Turai ɗaruruwan shekaru kafin aikin nas ya zama aikin albashi, sunan ya biyo aikin har ya iso Sakkwato, yau ko Hajiya ce mai hijabi har ƙasa in dai ita ce babba a ɗakin haihuwa sista ake ce mata.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, gardama ce ta ɓarke a majalisarmu wajen mai shayi a Mabera. Ɗaya ya ce duk aikin da sistocin Katolika ke yi ma talakawa tarko ne kawai, a ba ka magani a amshe maka addini. Ɗayan kuma, wanda ya yi bautar ƙasa a kudu, ya ce a'a, mu dai mu yarda sun hi mu tausayi. Ni duk biyun ba su gamsar da ni ba. Ni Musulmi ne, ba aƙida na zo tattaunawa ba, wagga kowa ya san inda ya tsaya. Tambayata ita ce mi ya sa ƙaramin asibiti ko makarantar da mata biyar ko shida ke riƙe da ita ke kai shekara hamsin tana aiki, alhali gidauniyoyi nawa munka gani an buɗe da kiɗa da 'yan jarida, shekara huɗu ko allon sunan ba ka ganewa.

Da farko su wane ne su. Sista ba limamiya ba ce, ba ta jagorantar babbar ibadar coci, wannan aikin fada ne, wato limamin coci namiji. Mace ce da ta ɗauki alkawali ukku: talauci, wato ba ta mallaki komi na ƙashin kanta ba, sai zama babu aure har mutuwa, sai biyayya ga shugabannin ƙungiyarta. Kuma ba dare ɗaya ake shiga ba. Yarinya za ta fara zaman gwaji, sannan horo na shekara ɗaya zuwa biyu, sannan alkawalin wucin gadi na aƙalla shekara ukku wanda in ta ga ba za ta iya ba tana iya komawa gidansu, sai bayan wannan duka ta ɗauki na har abada. Akwai waɗanda ke kulle cikin gidan ibada ba su fita sai addu'a, akwai kuma masu fita aiki, su ne ake gani a asibiti da aji da gidan marayu. Su na biyun ma ba da sauƙi sunka samu fitar ba. A 1633 da Vincent de Paul da Louise de Marillac sunka kafa ƙungiyar Daughters of Charity a Faris, dokar lokacin ita ce mai zaman zuhudu ta zauna cikin kulle, sai sunka yi dabara, matansu ba su ɗaukar alkawalin dindindin sai dai su sabunta shi duk shekara, ta haka sunka samu damar shiga lungunan talakawa. Har yau haka suke yi.

Nan ƙasar Hausa sun makara da isowa, kuma da dalili. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi ma sarakuna alkawalin ba za a taɓa addini ba, don haka anka taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi. A Ikko tun 1878 sistocin ƙungiyar Our Lady of Apostles suna nan, a Kalaba an kafa ƙungiyar sistoci 'yan ƙasa tun 1931, amma Kano sai 1948 sistocin St. Louis sunka iso, makarantarsu ta 'yan mata tana nan har gobe kuma ɗiyan Musulmi da yawa sun yi ta. Ɓangarenmu kuwa 'yan ɗarikar Dominikan ne daga Amurka sunka riƙe shi, sistocinsu sun taso daga jihar Kansas sunka sauka Gusau a 1956, lokacin Gusau na cikin lardin Sakkwato, sunka kama aikin haihuwa da shan magani da koyarwa. A 1964 Sakkwato ta zama cikakkiyar dayosis, wato yankin coci mai bishop nashi. Yau ba za ka ga Baturiya ba sai da wuya, 'yan Najeriya ne sunka gaji aikin, hedikwatar ƙungiyarsu tana Gusau. Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagorantar dayosis ɗin tun 2011, a 2023 kuma anka yanke Katsina ta samu nata bishop, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan yankin Malumfashi. Na faɗi wanga ne don masu ɗaukar duk wani ɗan Katolika a arewa baƙo ne daga kudu.

Yanzu ga inda nike son a tsaya. Ni a ganina sirrin ba tausayi ba ne, tausayi akwai shi ko'ina, je ka ga yadda maƙwabta ke haɗa kuɗin tiyata in mace ta kasa haihuwa a unguwa. Sirrin lissafi ne da tsari. Ka ɗauki nas guda mai aure a garin nan, albashinta kafin ya shigo an riga an raba shi: kuɗin makarantar yara, cefane, gudummawar bikin ƙanwar miji, ankon suna, adashe, ga ƙanen da ke jami'a. Ba laifinta ba ne, rayuwa ce. In an tura ta ƙauye mai nisa dole ta nemi hanyar dawowa birni don gidanta na nan. Ita ko sista in ta karɓi albashi, ko na gwamnati ne, asusun ƙungiya yake shiga, a ci abinci tukunya ɗaya, a kwana gida ɗaya kusa da wurin aiki, tufafin kala ɗaya ne ba ruwanta da yayi. Abin da ya rage ya koma cikin aikin. Mata shida masu takardun digiri suna rayuwa da abin da bai kai kashin gidan babban ma'aikaci guda ba. Dare ya raba mace ta zo da naƙuda, ungozomar tana bayan katanga, ba sai an nemi mai mashin ya ɗauko ta daga wata unguwa ba.

Sai alkawalin biyayya, wanda mu daga waje muke gani kamar ƙangi, amma shi ne ke ba ƙungiya ikon cewa ke za ki tafi wuri kaza shekara shida, ta ɗauki akwatinta ta tafi babu neman ɗan majalisa ya sa baki. Kuma in ƙungiya ta ga tana buƙatar mai haɗa magani ko akanta ko likitar mata, sai ta zaɓi yarinya ta biya mata karatun, tana da tabbacin ilimin gidan zai dawo. In ta tsufa ko ta kwanta ciwo ƙungiyar ce ke jinyarta har kabari, don haka ba ta da fargabar tara na gobe, fargabar da ke sa ma'aikaci mai amana ya fara taɓa abin da ba nashi ba in ritaya ta matso. In shugaba ta mutu ko wa'adinta ya cika a zaɓi wata, littafin kuɗi na nan, katin marasa lafiya na nan, filin ba sunan kowa gare shi ba balle magada su zo rabon gado. Nan ne gidauniyoyinmu ke mutuwa, Alhaji ya rasu ranar sadakar arba'in an fara maganar wa zai ɗauki motar asibitin.

Ko aikin likitancin ma da baya-baya anka ƙyale su. Sai a 1936 fadar Fafaroma ta yarda sistoci su yi karatun likita da karɓar haihuwa gadan-gadan. Shekara ɗaya bayan nan, 1937, wata 'yar ƙasar Ailan Mary Martin ta kafa Medical Missionaries of Mary, kuma nan Najeriya anka kafa ta, ta ɗauki alkawalinta tana kwance gadon asibiti a Fatakwal. Cikin matan wagga ƙungiya akwai Dakta Ann Ward da ta share shekaru tana ɗinkin mata masu yoyon fitsari a Itam ta jihar Akwa Ibom. Mu nan mun san wannan ciwo sarai, mun san yadda yarinya ke komawa gidan iyayenta an guje ta saboda wari, duk wanda ya taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a asibitin mata da yara na Maryam Abacha ya san ba aikin da mai neman suna ko kuɗi zai zaɓa ba ne.

To mu dawo ga abokina mai cewa tarko ne. Ba zan ce mashi ƙarya yake ba gaba ɗaya, ruwa ba ya tsami banza. Su kansu sistocin ba su ɓoye cewa don addininsu suke yi ba, kuma tarihi ya nuna makaranta da asibiti sun zama ƙofar shigar da mutane Kiristanci a wurare da dama, a ƙasar Ibo Bishop Shanahan a fili ya ɗauki makaranta a matsayin babbar hanyar yaɗa addini kuma ta yi mashi aiki. Kakanninmu da sunka riƙa ɓoye ɗiyansu daga boko ba hauka suke ba, sun ga abin da ya faru wasu wurare, ko da yake mun biya tsadar wanga gudu har yau muna biya. Amma a duba ɗaya gefen. Inda Musulunci ya yi saiwa, shekaru da yawa na shan magani bai sauya mutane ba. Gwaggona duk haihuwarta ta fari a hannun sistoci ta yi a Gusau, ta rasu da carbinta a hannu, abin da kawai take faɗi a kansu shi ne ba su tsawa kuma ba su barin jini a zane. A Aljeriya da Nijar da Yaman sistoci sun yi zamani suna aiki cikin jama'ar da kusan kowa Musulmi ne, sun san ba wanda zai bi su coci, sunka zauna. Ita cocin ma ta sauya harshe, babban taronta da anka kammala a 1965 ya fitar da matsaya ta girmama Musulmi, a 2005 kuma Fafaroma Benedict ya rubuta ƙarara cewa bai halatta a mai da taimako hanyar jan mutane cikin addini ba. Ko kowa na bin wannan a aikace, wata magana ce. Inda ni nike ganin hattara ta zama dole shi ne wajen marayu da ƙananan yaran da ba su da mai tsaya masu, babba ya san abin da ya kai shi ya karɓi allura ya tafi, yaro ɗan shekara huɗu kuwa duk wanda ya raine shi shi zai bi. Nan hukuma ya kamata ta sa ido da rajista da bin dangi, ko gidan marayun na coci ne ko na masallaci.

Abin sha'awa Alƙur'ani da kanshi bai yi masu kuɗin goro ba. A Suratul Ma'ida ya ambaci cewa cikin Nasara akwai malamai da masu zuhudu kuma ba su girman kai. A Suratul Hadid ya ce ruhubananci, wato zaman zuhudu babu aure, su sunka ƙaga shi ba a wajabta masu ba, kuma ba su kiyaye shi yadda ya kamata ba. A Tauba ya ce da yawa cikin malamansu da ruhubanawa na cin dukiyar mutane da ƙarya. Duk ukkun suna nan, mai gardama sai ya ɗauki wadda ta yi mashi daɗi ya bar sauran.

Shi kuma abokina mai cewa sun hi mu tausayi, ya kamata ya san tsarin nan da ke sa aiki ya ɗore shi ne kuma ke iya rufe ɓarna ta daɗe ba a ji ba. A Ailan sistoci sun riƙe gidajen da ake kulle 'yan matan da sunka yi cikin shege ana sa su wanki babu biya, na ƙarshe sai 1996 anka rufe shi, a 2013 gwamnatin ƙasar ta nemi gafara. A Kanada makarantun kwana da anka raba ɗiyan 'yan asalin ƙasar da iyayensu da harshensu, da yawa coci ke riƙe da su, Fafaroma Francis ya je da kanshi a 2022 ya ba da haƙuri. Ita kanta Mother Teresa, wadda ta kafa ƙungiyarta a Kalkata ta Indiya a 1950 ta samu kyautar Nobel a 1979, likitoci sun soki gidajenta kan ƙarancin maganin kashe zafi da rashin tantance ciwo yadda ya dace, wasu sun tambayi ina kuɗin da anka tara ke tafiya. Su sistocin ma ana zaluntarsu a cikin gida, a 2019 Francis ya amsa a bainar jama'a cewa akwai fadoci da bishop-bishop da sunka ci zarafin sistoci, ga waɗanda anka mayar masu dafa abinci da wanki a gidajen manyan coci da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Biyayya in ta haɗu da mugun shugaba, wadda ke ƙasa ba ta da wurin kai kuka.

Akwai kuma maganar kuɗi, don kada a ɗauka komi kyauta ne. Makarantun mishan da yawa a birane yau kuɗinsu ya hi ƙarfin talaka, ɗan mai turin baro ba ya shiga. Hujjarsu ita ce da ribar birni ake riƙe na ƙauye da ɗaukar nauyin marasa hali, wani wuri gaskiya ne, wani wuri kuwa makarantar masu kuɗi ce kawai da gicciye a ƙofa. Da can Turai da Amurka ke aiko da kuɗi da ma'aikata, yanzu rijiyar tana ƙafewa. A Amurka sistoci sun kai wajen 180,000 a 1965, yau ba su kai 40,000 ba kuma galibi tsofaffi ne. A duniya duka suna wajen 600,000, adadin na raguwa a Turai shina ƙaruwa a Afirka, har ta kai 'yan Najeriya ne ake turawa can su riƙe gidajen da sunka fara aiko mana da mutane. Ma'ana dole aikin nan ya ciyar da kanshi, kuma mai ciyar da kanshi sai ya karɓi kuɗin kati.

Duk da haka wanda ke zaune inda kowa ke gudu ya cancanci a faɗi. A 2016 'yan bindiga sun shiga gidan tsofaffi a Adan ta Yaman sunka kashe mutum 16, huɗu daga ciki sistoci ne. A Mogadishu a 2006 an harbe Sista Leonella Sgorbati a bakin asibitin yara, tare da mai gadinta Musulmi, magidanci, wanda ya mutu a wurin. A Mali an yi garkuwa da Sista Gloria Narváez daga 2017 har 2021. Nan gida a 2022 an sace huɗu a jihar Imo. Su kuma na Gusau hanyar da muke jin tsoron bi su ma ita suke bi, ɗan bindigan daji ba ya tambayar addininka kafin ya tare mota.

Mu fa? A nan ne zancen ya fi yi mani zafi, don ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta 2022 ta sa Sakkwato a sahun farko wajen talauci mai fuskoki da yawa, kashi 90.5 cikin ɗari. Kuma wallahi ba rowa gare mu ba. Dubi abincin da ake rabawa da azumi, dubi zakkar hatsi bayan kaka, dubi 'yan agaji a filin idi da sansanin alhazai. Sai dai yawancin bayarwarmu ta ci-yanzu ce, a raba buhu a ɗauki hoto a watse. Kuma ba wai ba mu da abin koyi a gida ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, wato mata jagorori, ta ɗora masu malfa, suna tattaro matan ƙauye suna kawowa karatu suna komawa da waƙoƙin ilimi, suna duba marasa lafiya da gajiyayyu, kuma abin bai mutu da mutuwarta ba don ta bar tsarin da wata ke gadon wata. Matan aure ne da tsofaffi da zawarawa, babu wadda ta yi alkawalin ƙin aure. FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, da anka kafa a Minna a 1985 ita ma tana da makarantu da asibitoci a jihohi.

Babu ruhubananci a Musulunci, ba mai cewa ɗiyanmu mata su bar aure. Amma in ka tankaɗe aikin sistocin nan ka cire zaman rashin auren, abin da ya rage a rariya duk muna da sunanshi a fiƙihu: dukiyar da ba ta kowa ba ce kuma ba a gadonta, wakafi kenan. Ma'aikacin da anka ɗauke ma fargabar ci da sha da tsufa, ai ko masu aikin tara zakka an yanka masu rabo a cikinta. Jiha tana da hukumar zakka da wakafi. Abin da ban cika gani ba shi ne attajiri ya tsayar da shaguna goma a kasuwa ya ce hayarsu har abada albashin ungozoma biyu ne da gidan zamansu da mazajensu a ƙauye kaza cikin Tangaza ko Gudu, da kuɗin karatun yarinyar garin da za ta gaje su. Masallaci na biyar a layi ɗaya ya fi saurin samun mai ginawa, don shi ana ganinshi.

Haka na faɗa masu a majalisa, kusan yadda na rubuta nan. Mai cewa tarko ne bai sauka daga kan bakanshi ba, ya ce shi dai matarshi ba za ta je ba, na ce wannan hakkinka ne. Sai mai shayin, wanda tun ɗazu bai sa baki ba yana ta fifita wuta, ya ɗago ya ce to Malam, in an tsayar da shagunan, hannun wa za a ba kuɗin hayar? Kowa ya ambaci suna, duk sunan da anka kawo sai wani ya ce a'a, wancan ai ka san yadda ta ƙare da kuɗin gyaran maƙabarta. Muna cikin haka anka kira isha'i.